Shimfiɗar PbS ɗinmu ba ta jin haske: gyara za mu yi ko mu sauya sinadari?

Ɗan Domayo, Marwa:

Assalamu alaikum. Malamai da injiniyoyi, ina neman a haska mini hanya. Aikin da ke gabanmu ƙaramar na'ura ce ta auna laimar auduga da gyaɗa kafin a zuba su a sito. Ruwa yana shan hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, sosai a tsawon zango na maikiromita 1.94, don haka muna buƙatar idon da zai ga wannan zango. Silikon ba ya kaiwa, a 1.1 yake tsayawa. Shi ya sa muka koma ga PbS, haɗin dalma da farar wuta, wanda ake shimfiɗawa a kan gilashi a cikin ruwan sinadari.

Shimfiɗar tana fitowa baƙa mai ƙyalli kamar madubi, amma turjiyarta ga wutar lantarki a duhu ba ta wuce kilo-om 5 zuwa 8 a fili mai milimita 2 tsawo da faɗi. Idan aka haska mata fitilar halojin mai wat 20, mita takan motsa kaɗan, a hankali kuma, sai ta ɗauki daƙiƙoƙi kafin ta tsaya. Da rana in ɗaki ya kai digiri 40 abin ya ƙara lalacewa. Wani lokaci ruwan kan yi baƙi ƙirin cikin minti uku, gari ya kwanta a gindin kwalba, abin da ya kama gilashin kuma yatsa ma yana goge shi. Ta ina ake gyara wannan? Ko kuwa ɓata lokaci ne, mu nemi wasu sinadaran ganin infirared irin su InGaAs (indiyom, galiyom da asinik) ko HgCdTe (zaiba, kadmiyom da teluriyom) da muke karantawa a littattafai?

Malamin Kimiyya, Ngaundare:

Wa alaikumus salam ƙanena. Zaɓinka na PbS daidai ne. Ƙa'idar ita ce a raba 1.24 da giɓin makamashin sinadari, wato mafi ƙarancin makamashin da haske ke buƙata don ya saki ilektiron a cikinsa, a ma'aunin eV, sai ta ba ka iyakar zangon da yake gani a maikiromita. Giɓin silikon 1.12 ne, shi ya sa ya tsaya a 1.1. Na PbS wajen 0.41, iyakarsa ta kai kusan 3. Tun 1933 Kutzscher ya gano haka a Balin da dutsen galena, har yau kuma na'urorin auna laima da dama da shi suke aiki. Matsalarka biyu ce: ruwan yana yin sauri fiye da kima, shimfiɗar kuma ɗanya ce, ba a farkar da ita ba.

Ta farko zafin Marwa ne. Tiyoyuriya, sinadarin da ke ba da farar wuta a haɗin, tana sakinta sannu a hankali a ruwa mai kaushi, kuma zafi yana hanzarta ta. A digiri 40 sai ta sake ta gaba ɗaya, PbS ya haɗu a tsakiyar ruwa ya zama gari maimakon ya girma a jikin gilashi. Ka riƙe ruwan tsakanin digiri 24 da 28. Ka zaunar da kwalbar a cikin roba mai ruwan randa da 'yar ƙanƙara, da ma'aunin zafi a ciki, ko ka yi aikin bayan asuba.

Ga awon da za ka fara da shi a mililita 100: asitet na dalma mai ruwa uku giram 0.95, tirayetanolamin giram 0.30, NaOH giram 0.40, tiyoyuriya giram 0.46. Kowanne a narka shi daban. Dalma ce farko, sai tirayetanolamin, sai NaOH kana juyawa. Za ka ga farin gajimare ya taso, ya ragu da juyawa. Tiyoyuriya ce ƙarshe, kuma a ranar za ka narka ta, wadda ta kwana ta riga ta fara rushewa. NaOH da aka bari a buɗe ya sha iska ya zama kabonet, kada ka yi aiki da shi. Ruwan famfo ko na rijiya ba ya yi sam, don gishirin da ke cikinsa yana kama dalma ya zubar da ita fara kafin aiki ya fara. Sai ruwan da aka tace ta tururi.

Gilashin a wanke da sabulu, a jiƙa a ruwan asid nitirik marar ƙarfi, a ɗauraye, kada yatsa ya sake taɓa shi. Ka jingina shi a karkace. Fuskar da ke kallon ƙasa ita ce taka, domin gari ba ya sauka a kanta. Ruwa mai kyau yakan tashi daga garau zuwa ruwan ƙasa-ƙasa cikin minti goma zuwa ashirin, sannan ya yi duhu. Bayan awa ɗaya zuwa biyu ka cire, ka ɗauraye.

Tsoma ɗaya ba ta isa. Takan ba da kaurin maikiromita 0.1 zuwa 0.3 ne kawai, alhali haske mai zangon 2 yana buƙatar kauri mai kusan maikiromita 1 kafin a shanye mafi yawansa. Ga shi tun a fuska sama da kashi ɗaya cikin uku yake komawa, saboda ma'aunin karya hasken PbS ya kai wajen 4. Ka maimaita sau uku ko huɗu, kowane karo da sabon ruwa.

Matsala ta biyu ita ce babba. Ɗanyar shimfiɗa cike take da masu ɗaukar lantarki masu cajin fozitib (+), waɗanda muke kira ramuka, tun haske bai zo ba. Abin da haske zai ƙara a kansu kamar zuba kofin ruwa ne a Benuwe. Farkarwa ita ce shigar da oksijin a iyakokin ƙwayoyin shimfiɗar. A can yake kafa tarkon da ke riƙe ilektiron, ramin da haske ya haifa ya daɗe yana yawo kafin su sake haɗuwa. Daɗewar nan ita ce riba, domin ƙarfin amsa ya dogara da tsawon ran mai ɗaukar lantarki a kan lokacin da yake ɗauka ya ƙetare daga wannan gefe zuwa wancan. Ana yin haka ta hanya biyu, ko a ɗiga mai ba da oksijin kamar H2O2 a cikin ruwan, ko a gasa shimfiɗar a iska bayan an gama. Ni gashi nake ba ka shawara ka fara da shi, ya fi sauƙin sarrafawa. Ka yanka gilashi ɗaya gida biyar. Ɗaya ka ajiye, sauran ka gasa a digiri 80, 120, 150 da 200, awa ɗaya kowanne, su huce a duhu, ka auna. Na kasuwa turjiyarsu a duhu tana tsakanin kilo-om ɗari biyu da mega-om biyu, can kake nufa. In gashi ya wuce, PbS yana komawa PbO da PbSO4, launin ya dushe, turjiya ta haura sama amma amsa ta mutu. Don haka kada ka ɗauki hawan turjiya kaɗai a matsayin nasara.

Injiniyan Garwa:

Allah ya saka wa Malam. Ni inda hankalina ya tsaya shi ne maganarka cewa mita tana ɗaukar daƙiƙoƙi. Ɗan'uwa, wannan ba amsar haske ba ce, ɗumi ne. PbS da aka farkar yana amsawa cikin maikirodaƙiƙa 100 zuwa 400. Fitilarka ce ke gasa gilashin, turjiya ta sauka saboda zafi. Kuran, wato wutar lantarki, da kake ba ta ma yana ƙara mata: misali volt 7.5 a kan kilo-om 5 ya kai miliwat 11, alhali a kan mega-om 1 bai kai miliwat 0.06 ba. Muddin da mita kake awo, ba za ka iya bambance samfuri biyar ɗin da Malam ya faɗa ba.

Sai ka yanka hasken. Ka sami fankar kwamfuta, ka manna mata faifai mai tagogi 12. In tana juyawa sau 3,150 a minti, ka sami yankan 630 a daƙiƙa. Lambar da gangan na zaɓe ta. Kuran ɗinmu na Kamaru da Cadi mai hez 50 ne, wato zagaye 50 a daƙiƙa, duk abin da ya faɗa kan 50, 100, 150 zuwa sama zai cakuɗe da shi. A ƙasa da ɗari biyu kuwa akwai hayaniyar da ake kira 1/f, wadda ta yi wa PbS yawa saboda iyakokin ƙwayoyinsa. A sama da 800 amsar kanta ta fara sauka in tsawon ran ya kai maikirodaƙiƙa 200. Tsakanin nan ne wurin zama.

Haɗin mai sauƙi ne. Shimfiɗar a jere da rezisto mai turjiya daidai da tata, batir biyu ko uku masu volt 9 a matsayin kuran, kada ka yi amfani da caja, hayaniyarta ta fi siginarka. Daga tsakiyarsu kafasito ya kai ga amfilifaya mai ƙofar FET kamar TL072. Ƙaramin LED da ido a gefen faifan su ba ka lokacin yanka, ka ninka siginar da shi a Arduino ko a katin sauti na kwamfuta, ka ɗauki matsakaici na daƙiƙa ɗaya. A gaban idon ka sa ɓallen silikon gogagge. Yana tare duk abin da ke ƙasa da 1.1, ka tabbatar infirared kake gani. Yana kuma kare shimfiɗar, don hasken rana da na fitila mai ƙarfi suna sauya halin PbS na kwanaki.

Wurin haɗa waya ma yana kashe aiki. Fentin azurfa yana da sauƙi, amma azurfa tana haɗuwa da farar wuta, bayan makonni hayaniya ta ƙaru. Zinare aka fi so, in babu sai fentin girafayit. Gwajinsa: ka auna kuran a volt 1, 2, 5, 10, ka juya batir ka sake. In bai tashi a miƙe ba, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya, haɗin ne da laifi, ba shimfiɗar ba.

Abin da za ka rubuta a littafinka shi ne sigina a kan hayaniya, ba sigina kaɗai ba. Ma'aunin da ake kwatanta idanu da shi D* ne. PbS na kasuwa yana kai wajen 10^11 a zafin ɗaki. In naka ya kai 10^10 a fili mai milimita 2, yana jin haske mai ƙanƙantar pikowat 20 ke nan a awon da faɗinsa hez ɗaya ne, kuma wannan ya ishi awon laima da rara.

Batun zafi kuwa, amsar PbS tana sauka da kusan kashi 3 cikin ɗari a kowane digiri. Daga 25 zuwa 40 ka rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kada ka ce sai ka sanyaya shi ƙwarai. Ka tsayar da shi wuri ɗaya kawai. Ɓallen sanyayawa na Peltier irin TEC1-12706 da ake samu a kasuwa ya yi masa girma, amma in ka ba shi amfiya 1 zuwa 2, da tamista, wato rezisto mai auna zafi, mai kilo-om 10 a manne da gilashin, zai riƙe digiri 25 lafiya. Ƙasa da haka akwai haɗari da damina, a watan Agusta raɓa za ta kwanta a kai, laima kuma tana lalata shimfiɗar. A rufe shi a gwangwani da silika jel, da taga ta gilashi. Gilashin yau da kullum yana wuce haske har wajen 2.5, ya ishe ka. Sannan ka yi awo da matatan haske biyu, ɗaya a 1.94 inda ruwa ke sha, ɗaya a wajen 1.8 inda shan ya yi ƙasa sosai, ka raba ɗaya da ɗaya. Tsufan fitila da ƙurar hunturu a kan taga suna taɓa su kusan daidai, sai su fita daga lissafin.

Mai Gyaran Na'ura, Njamena:

Ina girmama bayanin Malam da Injiniya, amma ina da ja a wuri ɗaya. In manufar ita ce na'urar da za a kai wa masu sayen auduga a bana, a sayi ido a gama. PbS na gida halinsa yana ci gaba da sauyawa makonni bayan an yi shi, kuma da wuya tsoma biyu su fito iri ɗaya, kowace na'ura sai an yi mata nata daidaitawa. In kuwa manufar koyon sinadarin ce da horar da ɗalibai, to hanyar Malam ita ce hanya.

Sai dai a kula wajen sayen InGaAs. Wanda ya cika kasuwa, na wayar gilashi ta intanet, indiyom ɗinsa kashi 53 ne, domin a wannan awo ne tazarar atom ɗinsa ta yi daidai da ta InP da ake shuka shi a kai. Giɓinsa 0.75, iyakarsa 1.7. Zai ga shan ruwa na 1.45, wanda ya fi rauni, amma 1.94 ba zai gan shi ba. Don a tura iyakar zuwa 2.2 ko 2.6 sai a ƙara indiyom, har sama da kashi 80 a na 2.6. Daga nan tazarar ta daina dacewa, sai an yi matakala ta InAsP a tsakani, duk da haka tsagogi suna ratsowa, kowace tsaga kuwa hanya ce ta kuran duhu. Shi ya sa na 1.7 mai faɗin milimita 1 turjiyarsa takan kai ɗaruruwan mega-om, na 2.6 kuwa 'yan kilo-om. Kada ka sayi zangon da ba ka buƙata. Na 2.2 ne naka. In za ka sanyaya shi, ka sani iyakarsa tana ja baya da sanyi, saɓanin PbS da tasa ke ƙara gaba.

HgCdTe ka bar shi a littafi tukuna. Tun 1959 da Lawson da abokan aikinsa suka fito da shi a Malban ta Ingila yake cikin manyan sinadaran da ake aiki da su a zangon 3 zuwa 5 da 8 zuwa 14, domin da sauya yawan kadmiyom kaɗai ake zaɓar iyaka: wajen 0.3 ya ba da 5, wajen 0.2 ya wuce 10. Amma wahalarsa ba kaɗan ba ce. Zaiba ba ta riƙe wurinta da ƙarfi, tana ficewa ta bar gurbi, sai an sake gasa shi a cikin tururin zaiba a cike guraben. Kuskuren 0.001 a awon kadmiyom yana gusar da iyaka da fiye da maikiromita 0.1 a zangon 10. Ana shuka shi a kan CdZnTe mai zinki kashi 4, mai tsada da saurin fashewa, kuma na dogon zango sai a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Abin da ya kamata ka ɗauka daga wannan fage shi ne inda masu bincike suka sa ƙarfinsu. Kuran duhu suke yaƙa. Misali tsarin nBn da Maimon da Wicks suka wallafa a 2006: an sa katanga mai faɗin giɓi tsakanin shimfiɗa biyu, tana tare ilektiron masu yawa da kuran da ke bin fuska, tana barin ramukan da haske ya haifa su wuce. Da shi ne idon InAsSb ke aiki a kelbin 150 (digiri 123 ƙasa da sifiri), inda InSb ke neman wajen kelbin 80 (digiri 193 ƙasa da sifiri). Oksijin ɗin da Malam ya ce ka shigar ma wannan yaƙin yake yi, a rage abin da ke gudana a duhu, a tsawaita ran abin da haske ya kawo.

Ɗan Domayo, Marwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Manufar biyu ce, don haka za mu nemi na 2.2 guda ɗaya ya zama ma'aunin da za mu riƙa gwada namu da shi. Saura tambaya ɗaya: ɗigon kwantam na PbS da ake ta magana, ba zai fi wannan shimfiɗar ba?

Malama Mai Labo, Kusuri:

Ɗana, ga aikinka ba zai fi ba. Ɗigon kwantam PbS ne da aka ƙanƙanta shi har giɓinsa ya buɗe. Mai faɗin nanomita 3 yana tsayawa wajen 0.93, mai 6 wajen 1.55. Kai da kake son 1.94 sai ka yi manya masu kusan nanomita 9, waɗanda suka fi wuyar fitowa girma ɗaya kuma suka fi saurin cin oksijin. Amfaninsa yana wajen kamara, inda ake shafa shi kamar fenti kai tsaye a kan guntun silikon mai karanta hoto, a huta da tsadar manna InGaAs ɗigo da ɗigo. Hanyar da aka fi bi, ta Hines da Scholes ta 2003, tana buƙatar PbO da asid oleyik a dafa ba tare da iska ba, a yi allurar wani sinadarin farar wuta mai tsananin wari da tsada. Bayan haka sai an cire dogayen wutsiyoyin oleyik da suka lulluɓe kowane ɗigo, a maye su da gajeru kamar ayodin, in ba haka ba kuran ba ya tsallakawa daga ɗigo zuwa ɗigo. A nan shimfiɗar ke tsukewa ta tsattsage. Labo da ba shi da naitirojin a tulu da injin tsotse iska kada ya fara.

Ina goyon bayan shawarar sayen ido ɗaya na gwaji. Ka ƙara da wannan: duk samfurin da ya yi kyau, ka bar shi kwana uku zuwa biyar a digiri 70 a duhu kafin ka rufe shi, ya yi tsufansa a hannunka, ka riƙa auna shi kowane mako har wata biyu. Na'urar da aka gama kuma kada a bar ta a mota a rufe a watan Afrilu, idon PbS da aka riga aka rufe ba ya son wuce digiri 60.

Maganar da ba a taɓo ba ita ce guba, kuma ita ta fi damuna. Asitet na dalma yana narkewa a ruwa, yana shiga jiki da sauƙi, yara ne kuma ya fi yi wa illa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga sarrafa zinare ta kashe yara ɗaruruwa. Kowace kwalba taku ta mililita 100 tana ɗauke da rabin giram na dalma, kaɗan ne daga ciki ke kama gilashi. Kada ɗigo ɗaya ya bi kwata ya gangara Mayo Kaliyawo ko ya nutse kusa da rijiya. A tara ragowar a jarka mai murfi, a bar ta ta gama yin baƙi ta kwanta, a tace garin da ɗanshinsa a rufe a kwalba mai alama, a ajiye ruwan saman daban har a gwada shi. Safar hannu da tabarau dole ne, tiyoyuriya ma ana zarginta da jawo sankara. Idan za ku goge bayan gilashin da asid, ku yi a waje ko a ƙarƙashin mazuƙar iska, domin asid da PbS suna fitar da H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in ya yi yawa hanci ke daina jin sa. Jarkar asid da jarkar ragowar ruwan kada su zauna a kan kanta ɗaya, kuma tandar da aka gasa samfuri a ciki kada a sake ɗumama abinci da ita.